Shaidar kowane mako: mabuƙaci tsakanin gaskiya da mutunci

A watan Mayu na shekarar 2020 wani tsohon ɗalibina, wanda na koya wa Faransanci a kwaleji a nan Dakoro, ya kira ni daga Amurka. Annobar korona ta rufe gidan abincin da yake aiki, a lokacin da rashin aiki a ƙasar ya kusa kashi 15 cikin 100. Jihar da yake zaune tana biyan sa kuɗin rashin aiki, amma bisa sharaɗi: kowane mako sai ya amsa tambayoyi ta intanet. Kana da lafiyar yin aiki? An yi maka tayin aiki ka ƙi? Ka sami wani kuɗi a wannan mako? Ya ce mini: «Mushe, na yi wa wani maƙwabci dakon kaya kwana biyu, ya biya ni a hannu, ba wanda ya sani. In na faɗa za su rage mini, ga kuɗin haya, ga Inna tana jiran aike. Me zan rubuta?»

Tambayarsa ta haifi wata da ta fi ta girma. Shin daidai ne a sa mabuƙaci ya riƙa maimaita shaidar buƙatarsa kafin a ci gaba da taimakon sa? In daidai ne, wane haƙƙi ke kan mai amsawa, wane ke kan mai tambaya?

Mu fara da asalin abin. Ingila ta kafa inshorar rashin aiki a 1911, Amurka ta bi sahu da dokar 1935, kuma mafi yawan jihohinta kan biya har mako 26. A Faransa sau ɗaya a wata ake sabunta shaidar, a hukumar da ake kira Pôle emploi daga 2008, wadda ta koma France Travail a 2024. Hujjar tsarin a fili take. Kuɗin ba na ma'aikacin da ke tambaya ba ne, asusu ne na jama'a da aka tara domin ranar wahala, kamar rumbun tsimi na gari. Mai riƙe da mabuɗin rumbu amana yake riƙe da ita, kuma in ya bai wa wanda ya riga ya ƙoshi, ya tauye mai jin yunwa. Halin mutum kuwa yana sauyawa: wanda ba shi da aiki ran Litinin yana iya samu ran Alhamis. Saboda haka tambayar ba zagi ba ce a asalinta.

A Nijar babu irin wannan albashi. Hukumar ANPE tana rajistar masu neman aiki, amma ba ta biyan su kuɗin zama. Kalmar ma baƙuwa ce a wurinmu. Nakan gaya wa ɗalibai cewa chômage ta samo tushe daga kalmar Latin da ke nufin hutawa lokacin zafin rana. Manomin Kornaka da ya gama girbi a Oktoba, ba zai sake riƙe hauya ba sai Yuni. Ba ya kiran kansa marar aiki, cin rani yake tafiya. Amma duk da haka mutanen Dakoro sun san shaidar mako-mako, kuma sun san ta a mafi ɗacin kamanninta.

Bayan fari da farar ɗango na 2004, yunwar 2005 ta auka wa jihar Maraɗi. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da masu tamowa a Dakoro, kuma a wannan shekara ta yi jinyar yara fiye da 60.000 a Nijar. Yaron da bai galabaita har a kwantar da shi ba, uwarsa kan kawo shi sau ɗaya a mako. A ɗora shi a ma'auni, a zagaya damtsensa da zare mai launi, sa'an nan a ba ta abincin mako, wato haɗin gyaɗa da madara da sukari mai suna Plumpy'Nut. A nan ba baki ke ba da shaida ba, jikin yaro ne. Awon ya zama dole, domin ta hanyarsa likita ke sanin ko magani yana aiki, kuma ya ceci rayuka masu yawa. Sai dai mu dubi matsayin uwar da ta bar ƴaƴa huɗu a gida da yunwa. In ta raba musu abincin majinyacin, ta saɓa wa umurnin likita. In ta hana su, ta saɓa wa zuciyarta. Wadda kuma aka sallama domin ɗanta bai rame yadda ma'auni ke so ba, da wane tunani za ta koma ƙauye?

Ga aibin da ke ɓoye cikin kowane tsari irin wannan. Idan taimako ya rataya a kan ci gaba da wahala, to samun sauƙi ya zama hasara, faɗin gaskiya kuma ya zama tara. Uwar Dakoro da ɗalibina na Amurka a mararraba ɗaya suke tsaye.

Akwai aibi na biyu, wanda ya shafi mutunci. Bahaushe ya gina zamansa a kan rufin asiri. Magidanci kan sa a ɗora tukunyar ruwa a murhu don kada maƙwabta su gane ba a yi tuwo ba. Sa irin wannan mutum ya furta a gaban baƙo, sau 26, cewa har yanzu bai iya ciyar da iyalinsa ba, ba ƙaramin abu ba ne. Wannan kunya ba ta bar shugabanni ba: a Agustan 2005, watan da aka fara rabon abinci kyauta bayan an daɗe ana sayarwa da rahusa, shugaba Tandja Mamadou ya musanta a BBC cewa akwai yunwa a ƙasar. In ƙasa tana jin nauyin amsa buƙatarta, ina ga talaka?

Wani zai ce mu koma ga al'adunmu, inda ba a cika takarda. Gaskiya ne muna da abin alfahari. Fulanin Bermo da kwarin Tarka suna da habbanaye: wanda dabbobinsa suka mutu, ɗan'uwa ya ba shi aron saniya, ya sha nono, ya riƙe ƴan maruƙan da ta haifa, daga baya ya mayar da uwar. Ba a tambayar sa kowane mako, kuma farfaɗowarsa ita ce manufar aron, ba dalilin ƙwace shi ba. Haka gayya take, haka zakka, wadda aya ta 60 ta suratut Tauba ta fayyace rukuni takwas na masu cin ta. Amma kada mu ruɗi kanmu. Ba a tambaya a ƙauye domin kowa ya riga ya san cikin rumbun kowa. Idon gari ya fi takarda bincike, kuma yana da son kai: baƙo, da bazawarar da ba ta da dangi, da wanda ya ɓata da mai gari, sukan faɗo ta ƙasan rariya. Takarda ba ta da tausayi, amma tambaya ɗaya take yi wa ɗan sarki da ɗan talaka.

Tsarin tallafin da Nijar ta fara a 2011 da kuɗin Bankin Duniya ya gwada hanya ta tsakiya. An yi binciken gidaje tun farko, sa'an nan aka riƙa bai wa matan gidajen da aka zaɓa jaka 10 ta sefa kowane wata har shekara biyu, ba tare da sabunta shaida ba. Mace ta san ranar farawa da ranar ƙarewa, tana iya shiga adashi ko ta sayi akuya ba da tsoron a ce ta yi arziki ba. Rauninsa shi ne gidan da ya talauce bayan an rufe rajista sai ya jira.

A ganina tambaya halal ce in ta cika sharuɗɗa uku. Na farko, a tambayi halin da ake ciki, kada a tuhumi mutum. A yi a keɓe, ba a gaban layi ba. Na biyu, kada gaskiya ta jawo yankewa farat ɗaya. Faransa tana barin mai ƙaramin aiki ya haɗa ladansa da wani sashe na tallafi, MSF ma a 2005 takan sallami yaron da ya warke da hatsi da wake da mai domin iyalinsa. Na uku, mai tambaya shi ma ya amsa tambaya: nawa ya shigo asusu, nawa ya fita, wa ya karɓa? Hukumar da ke neman gaskiyar talaka kowane mako, alhali tata ba ta fitowa ko sau ɗaya a shekara, ta zubar da hujjarta.

Amma gazawar tsari ba ta wanke ƙarya. Wanda ya ɓoye abin da ya samu ba hukuma ya cuta ba, na bayansa a layi ya cuta, kuma kowace ƙarya da aka kama ita ke haifar da sabuwar tambaya a kan masu gaskiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da na gaya wa ɗalibina ke nan: ya rubuta kwana biyun nan. Na san ba ni zan biya masa haya ba, shi ya sa maganar ta yi mini nauyi a baki. Ya rubuta, an rage masa na wannan mako, aiken Inna ya yi jinkiri. Mu malamai da muke kiran suna kowace safiya, muna kuma rubuta sunayen yaran da za a taimaka, ya kamata mu tuna cewa ɗalibi ba zai koyi faɗin gaskiya game da talaucin gidansu ba, sai ya ga mun karɓe ta ba tare da mun tona masa asiri ba.