Ƙin Nama da Rashin Nama: Tambaya Game da Abincin Matasa a Karkarar Maraɗi

A ƙasashen Turai da Amurka akwai muhawarar da ta daɗe tana gudana tsakanin iyaye da likitoci: shin yaro mai shekara 12 zuwa 15 zai iya barin cin nama gaba ɗaya, ya kuma girma cikin ƙoshin lafiya? A can yaron ne da kansa yake ture kwanon nama, wani don tausayin dabbobi, wani don kare muhalli. Idan aka kawo wannan tambaya wani ƙauye na gundumar Agye, ko Gazawa, ko Gidan Rumji, dariya ce za ta fara amsa ta, domin abu ne mai kama da ba'a a tambayi wanda ba ya ganin nama sai ranar suna ko Sallar Layya ko zai iya rayuwa ba tare da shi ba. Amma in an natsu za a ga cewa tambayar ta fi shafar ɗan ƙauyen nan fiye da takwaransa na Faransa, saboda shi ne yake cikin rayuwar da ake muhawara a kanta, alhali ba a taɓa neman ra'ayinsa ba.

Ƙin cin nama tsohuwar aƙida ce. An ruwaito ta daga Fisagoras na Girka, wanda ɗaliban koleji suka san sunansa a darasin lissafi. Abul Ala'i al-Ma'arri, makahon mawaƙin nan na ƙasar Sham da ya rasu a 1057, ya bar nama da madara da ƙwai da zuma don ƙin zaluntar dabbobi, ya kuma rayu fiye da shekara 80. Jan-Jak Ruso, a littafinsa na tarbiyya mai suna Emile wanda ya fito a 1762, ya yi iƙirarin cewa son nama ba ya cikin ɗabi'ar yara ta asali. Shi kuwa Gandi na Indiya, da ya yi alwashin barin madara bayan barin nama, sai da rashin lafiya ya kwantar da shi a 1918 kafin ya yarda ya sha nonon akuya. Musulunci ya halatta nama, ya sanya yanka cikin ibadar layya da ta suna, amma bai wajabta wa kowa cinsa kullum ba. Ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) ya ƙi cin naman damo ba tare da ya haramta shi ba, kuma a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai gargaɗin Sayyadina Umar game da sabo da nama. Abin da addini ya hana shi ne mutum ya mai da halal haram.

Duk masu ƙin naman nan manya ne waɗanda ƙashinsu ya riga ya ƙosa, suka ga abu a gabansu suka bar shi bisa hujjar da suka gamsu da ita. Ana yaba wa mai barin abu ne idan yana da ikon ɗauka. Yarinyar da ta taso daga ƙauye zuwa kolejin Gazawa, tana zaune gidan mai masauki, kalacinta garin rogo da mai da yaji, ba ta ƙi komai ba. Dole ce, ƙanwar na ƙi. Saboda haka kuskure ne a ɗauki hujjojin masu ƙin nama a lulluɓe halin da take ciki da su, a ce ai abincin tsirrai ma ya wadatar. Ya wadatar ne bisa sharaɗi. A 2016 babbar ƙungiyar masana abinci ta Amurka ta bayyana cewa abincin da ba nama a cikinsa yana iya dacewa da matasa idan an tsara shi da kyau, kuma a shekarar ce takwararta ta Jamus ta ƙi ba da shawarar a raba yara da matasa da duk abin da ya fito daga dabba. Kalmar da ta ɗauki nauyin zancen ita ce tsarawa, kuma tsari yana buƙatar ilimi da abin hannu.

Me jikin matashi yake nema? A shekarun balaga tsawo yana ƙaruwa da sauri, jini yana ƙaruwa, ƙashi yana tara ƙarfinsa na tsawon rayuwa. Buƙata ta farko ita ce sinadarin gina jiki, wato furotin, kuma a nan ƙasar Maraɗi ba ta da abin kuka. Hatsi da dawa suna da gibi a ɗaya daga cikin tubalan furotin, wake kuwa yana cike wannan gibi, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin busasshen wake furotin ne. Wanda ya haɗa tuwon hatsi da miyar wake, ko koko da ƙosai, ko ya daka ƙuli-ƙuli cikin kwaɗon zogale, ya yi abin da littattafan kimiyya suke koyarwa ko da bai taɓa buɗe su ba. Ga gujiya, ga riɗi, ga daddawa, ga awara da ƴan mata suke soyawa a bakin makarantu.

Buƙata ta biyu ta fi wuya, ita ce sinadarin ƙarfe da ake gina jini da shi. Bisa ƙididdigar masana na Amurka, yarinya mai shekara 14 zuwa 18 tana buƙatar miligiram 15 a rana, namiji sa'anta kuwa 11, saboda jinin al'ada da take zubarwa kowane wata. Ƙarfen da ke cikin wake da ganye ba ya shiga jiki cikin sauƙi kamar na nama, shi ya sa aka ƙiyasta cewa wanda ba ya cin nama yana buƙatar kusan ninki biyu. Akwai abubuwan da suke buɗe masa hanya: lemun tsami, tumatir ɗanye, gwaba, da garin ƴaƴan kuka, duk saboda bitamin C da ke cikinsu, haka nan jiƙa hatsi da barin ƙullu ya yi tsami suna rage abin da ke ɗaure ƙarfen. Akwai kuma abin da yake toshe ta, wato shayi mai kauri da samarin fada suke sha daidai bayan abinci. Ban da wannan, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da tsargiya suna ta ɗibar jinin ta wani gefen. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2012 ya nuna cewa kashi 46 cikin ɗari na matan Nijar masu shekara 15 zuwa 49 suna fama da ƙarancin jini.

Buƙata ta uku ita ce iyakar da tsirrai ba sa iya tsallakewa. Bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi suke dogaro da shi, ba a samun abin dogaro daga gare shi a hatsi ko wake ko ganye, sai a nama da kifi da ƙwai da madara, ko a ƙwayar magani. Ma'anar wannan ita ce matashi zai iya rayuwa lafiya ba nama, matuƙar furarsa tana samun nono na gaskiya, yana kuma cin ƙwai. Idan fura ta koma tsiyaye da ruwa zalla, kamar yadda take komawa a gidaje da yawa daga bazara zuwa kaka, to an fita daga duk wani tsari da likita zai amince da shi.

Jihar Maraɗi ta ga hujjar wannan da idonta, ko da yake a kan ƙananan yara ne. A yunwar 2005, abin da aka ceto dubban yara masu tamowa da shi shi ne Plumpy'Nut, wanda mata suka laƙaba wa suna biskit. Haɗin markaɗaɗɗiyar gujiya ne da garin madara da sukari da mai da bitamin, babu ko tsoka ɗaya ta nama a cikinsa. A 2007 ƙungiyar likitoci ta MSF ta riƙa raba wani haɗi mai kama da shi kowane wata ga yara kimanin 60,000 masu wata 6 zuwa shekara 3 a gundumar Gidan Rumji, don rigakafi. Gujiya dai ana noma ta a ƙasar, madara kuwa tana jikin jar akuyar Maraɗi da ke ɗaure a tsakar gida, irin nonon da ya tashi Gandi daga jinya.

A nan ne tambayar lafiya take zama tambayar adalci. Nijar tana cikin manyan masu noman wake a duniya, bayan Najeriya, amma da kaka ta yi sai buhunan su kama hanyar kasuwa da ta iyaka, gida ya rage da hatsi tsura. Ƙwan zabi da na kaji na sayarwa ne. Ba a zargin magidanci da ya sayar don biyan bashi ko sayen magani, domin talauci ne ya yanke masa hukunci. Sai dai akwai abin da talauci bai yanke ba. Ranar da nama ya shigo gida, tsoka tana tafiya kwanon maigida da na baƙi, yara su samu ƙashi da romo. Maigida yana iya tsayawa wurin mai tsire ranar kasuwa ya ci shi kaɗai, ya goge baki ya dawo. Camfin da ke cewa yaron da ya ci ƙwai zai zama ɓarawo har yanzu bai mutu ba a wasu gidaje. Kuma yarinya, wadda jikinta ya fi na kowa buƙata, ita ce take ci daga ƙarshe bayan ta yi daka da ɗibar ruwa. Binciken nan na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, adadin Maraɗi kuwa ya zarce haka. Yarinyar da ta shiga ɗakin miji da ƙarancin jini, da shi za ta ɗauki ciki, kuma jaririnta zai gaji wani ɓangare na bashin. Girmama babba al'ada ce mai kyau, amma hikimar girman ita ce ya kula da na ƙasa da shi, kuma a shari'a ciyar da ƴaƴa wajibi ne a kan uba gwargwadon ikonsa.

Akwai wani kuskuren da ke ɗaya gefen, shi ne mai da nama ma'aunin daraja. Ana kiran wake abincin talaka, ɗalibi yana jin kunyar a gan shi da kwaɗon tafasa ko na rama, idan ya samu ƴan kuɗi sai ya sayi taliya ko lemon kwalba, waɗanda suke cika ciki su bar jini yadda yake. Raina abincin gida hasara ce biyu, ta lafiya da ta al'ada. Manoman Ɗan Saga a gundumar Agye, da suka shahara da sassabin zamani, sun nuna cewa abin da aka raina a gona yana iya zama dukiya idan aka bar shi ya tofo. Ganyen kuka da zogalen kwarin Gulbin Maraɗi suna cikin wannan sahu, haka ma irin hatsin Chakti mai yawan sinadarin ƙarfe da aka fitar wa manoman Nijar a 2018.

To, idan aka samu matashi a Maraɗi ko Tibiri da ya ce shi kam ya bar nama, saboda ya ga yanka zuciyarsa ta ƙi, ko saboda abin da ya karanta a intanet, yaya za a yi da shi? Duka da gori ba su da wuri a nan, domin tausayin dabba hali ne da addini ya yaba. Ya kamata a saurare shi, a fahimtar da shi cewa ƙyamar abu daban take da haramta shi, sannan a gindaya masa sharaɗin nono da ƙwai da wake. Idan kuma aka ga barin naman ya zo tare da rage cin komai da rama, musamman ga yarinya, to wannan maganar asibiti ce.

Hausawa sun ce mai nama shi yake neman wuta. Wanda ya san abin da aka bayyana a sama, nauyin isar da shi ya hau kansa. Malami shi ne yake ganin ɗalibar da take gyangyaɗi tun ƙarfe goma, wadda cikin idonta ya yi fari, kuma yana iya tura ta likita kafin ya yanke mata hukuncin lalaci. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa ƴan mata da matan da suke al'ada ƙwayar ƙarin jini sau ɗaya a mako a wuraren da ƙarancin jini ya kai kashi 20 cikin ɗari, kuma ƙungiyoyin iyayen yara suna da hurumin neman wannan a makarantunsu. Lambun makaranta mai zogale da tumatir ba ya buƙatar taimakon waje. Ƙungiyoyin al'adu kuwa, da wasan kwaikwayo da waƙa da shirin rediyon karkara, su ne za su iya abin da likita ba zai iya ba, wato su sa magidanci ya ji kunyar cin tsire shi kaɗai, su sa uwa ta ajiye ƙwai ɗaya cikin biyar don ɗiyarta, a kuma ware tiya kaɗan ta wake a rumbu kafin a kira mai awo. Allah ya sa a dace.