In Ido Ya Haɗu da Hanci

A zamanin nan akwai na'urori biyu da akan kafa a manyan gine-gine. Ta fari ita ce kyamarar tsaro, wadda ke ɗaukar hoton mai shiga da mai fita. Ta biyu kuwa ɗan akwati ne mai shinshina iska, yana auna ƙura da hayaƙi da iskar da mutane ke fitarwa in sun numfasa. A fili wannan iska takan kai wajen kashi 420 cikin miliyan, in kuwa ta zarce 1,000 a cikin ɗaki, alama ce ɗakin yana bukatar a buɗe masa tagogi. To, yanzu masana sun haɗa su biyun, watau da hanci ya ji wani abu, sai ido ya nuna hoton wurin a daidai wannan lokaci. Shin wannan haɗi alheri ne?

Amfaninsa ba ya ɓuya. Akwai iskar guba da ke fita daga janareto, ko daga garwashin gawayi a rufaffen ɗaki, ba ta da launi, ba ta da wari, takan kashe mutum yana barci. In na'ura ta ji ta a asibiti ko a masaƙa, mai gadi ya duba ya ga ko wane ɗaki ne, ya kuma ga ko akwai wanda ya faɗi, hakika an ceci rai.

Amma a dubi abin da ya auku a makarantun Amurka. Can ba a kafa kyamara a makewayi, saboda haka aka sa na'urar iska a ciki, kyamara kuwa a bakin ƙofa. Da yaro ya zuƙi taba mai lantarki, sai saƙo ya je wa shugaban makaranta, a duba hoto a ga wanda ya shiga. Waɗansu makarantu ma da kuɗin da gwamnati ta bayar domin annobar korona ta 2020 suka sayi na'urorin. Da, abin da ake tambaya shi ne, mene ne a cikin iska? Yanzu ya koma, wane ne ya ɓata ta? Wanda ya shiga don uzurinsa kuwa, shi ma sai zargi ya hau kansa.

Har ila yau, abin da aka tara barawo yana iya kaiwa gare shi. Cikin watan Maris na 2021 waɗansu masu kutse suka shiga kyamarori wajen 150,000 na kamfanin Verkada, suka leƙa asibitoci da makarantu da gidajen yari.

Saboda haka wajibi ne a kan shugaba ya riƙe wannan abu a matsayin amana. Ya sanar da jama'a an kafa shi, ya bayyana abin da aka kafa shi dominsa, kada kuwa ya ƙetare wannan iyaka a ɓoye. A ƙayyade masu ganin hotuna, a kuma share su bayan 'yan kwanaki. Inda rai ke cikin hatsari, ido ya bi hanci da gaggawa. Inda kuwa ƙaramin laifi ne, malami ya nemi yaro da nasiha, gama yaron da ya san bango na shinshina shi, wurin ɓuya kaɗai zai sake, ba hali ba.