HUKUNCIN MABIYIYAR DABBA A CIKIN ƘWAYOYIN ƘARIN KUZARI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, akwai wata tambaya da ta kamata kowane mai hankali ya yi wa kansa kafin ya haɗiyi ƙwaya: shin abin da mutum ba zai yarda ya ci a cikin akushi ba, yana zama halal domin an busar da shi, an niƙa, an ɗura a cikin kafso? Dalilin wannan tambaya shi ne ƙwayoyin ƙarin kuzari da ake haɗawa da mabiyiyar dabba, watau abin nan da ke biyo bayan ɗa in an haihu, wanda waɗansu ke kira mahaifa, Larabawa kuwa suna ce masa mashima.

Mabiyiya gaɓa ce ta nama da jijiyoyin jini wadda Allah ke halitta tare da ciki. Ta hanyarta abinci da iska ke isa ga ɗan tayi daga jinin uwa, ta hanyarta kuma ƙazantar jikinsa ke fita. In aka haihu aikinta ya ƙare, sai jiki ya fitar da ita. A ƙasashen Niyu Zilan da Ostiraliya ana sarrafa mabiyiyar tumaki, a Niyu Zilan ɗin kuma har da ta barewa. A Japan an fi amfani da ta alade da ta doki. Daga can ake tura ƙwayoyin ko'ina cikin duniya, har sun iso kasuwanninmu ta intanet da hannun dillalai. Masu talla suna cewa suna gyara fata, suna ƙara ƙarfi, suna jinkirta tsufa.

To, mu fara da abin da babu gardama a cikinsa. Duk abin da ya fito daga alade haramun ne, kamar yadda aya ta 173 ta Suratul Baƙara da aya ta 3 ta Suratul Ma'ida suka nuna, mabiyiyarsa kuwa yanki ce ta jikinsa. Doki kuma, mashhurin zance a mazhabar Maliku shi ne hana cin namansa. Saura tunkiya da barewa, waɗanda namansu halal ne, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Suna ganin tun da an rubuta sunan tunkiya a jikin kwalba, magana ta ƙare. Alhali kuwa halaccin tunkiya yana rataye ne da yanka.

Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Abu Waƙidil Laisi cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya iso Madina ya tarar mutane suna yanke tozon raƙuma da kitsen jelar tumaki alhali dabbobin suna raye, sai ya bayyana musu cewa yankin da aka raba da dabba mai rai hukuncinsa hukuncin mushe ne. A kan wannan ƙa'ida malaman Shafi'iyya suka ce mabiyiyar da ta fito daga dabba mai rai najasa ce. Abin lura a nan shi ne, waɗansu kamfanoni suna alfahari da cewa ba a kashe dabba ko ɗaya ba, bayan haihuwa ake tattara mabiyiyar. Wannan magana da suke kwantar wa masu saye hankali da ita, ita ce ainihin abin da ya kamata ya tayar da hankalin Musulmi, domin sun shaida da bakinsu cewa wuƙar yanka ba ta bi ta kan abin ba.

Mai hankali yana iya cewa: ai nono da ulu ma daga dabba mai rai suke fita, ga su kuwa halal, me ya raba su da mabiyiya? Wannan tambaya ce mai nauyi. Amsarta ita ce nono da ulu Alƙur'ani ya ambace su cikin ni'imomi, a aya ta 66 da ta 80 ta Suratun Nahli. Malamanmu kuma sun bambanta abin da rai ke gudana a cikinsa da abin da rai ba ya gudana a cikinsa. Ulu ana saske shi dabba ba ta ji ciwo ba, mabiyiya kuwa nama ce da jini, ta rayu, sa'an nan ta mutu ba da yanka ba. Wani kuma zai ce masana sun tabbatar mafi yawan mabiyiya daga ɗan tayi take tsirowa, saboda haka ba yankin uwa ba ce. Wannan gaskiya ne, kuma akwai malaman zamani da suka sassauta saboda shi. Amma a ganina bai warware matsalar ba, domin in yankin ɗa ce, ɗan ma yana raye, ba a kuwa yanka shi ba.

Idan kuwa an yanka dabbar yankan shari'a aka sami mabiyiya a cikinta, malaman Malikiyya suna da zance uku: Ibn Rushdi ya halatta cin ta, waɗansu sun hana, waɗansu kuma sun ce tana bin hukuncin ɗan tayin. Majalisar Malamai ta ƙasar Indunusiya ta ba da fatawa a kan wannan al'amari a 2011 da 2012, ta halatta wadda aka samu daga dabbar da aka yanka, ta haramta ta mushe. Ke nan akwai ƙofa a buɗe, sai dai mai saye ne ya wajaba ya tabbatar ta wace ƙofa kayan suka shigo.

Waɗansu suna kafa hujja da istihala, watau rikiɗar abu daga asalinsa zuwa wani abu dabam, kamar giyar da ta koma khallu da kanta. Lalle malamai da yawa sun karɓi wannan ƙa'ida. Amma busarwa da niƙawa ba rikiɗa ba ce. Kilishi nama ne, dakakken kilishi ma nama ne. Su kansu masu sayarwa ba su yarda ta rikiɗa ba, domin da sunan mabiyiya suke tsawwala kuɗin.

Saura hujjar lalura. Shari'a ta yi rangwame ga wanda ya matsu, wanda ransa ko lafiyarsa ke cikin haɗari, ba shi kuma da wata mafita. To, waɗannan ƙwayoyi ba magani ba ne a wurin hukumomin lafiya. A Amurka, dokar da aka kafa a 1994 ba ta wajabta wa masu irin waɗannan kaya su tabbatar da amfaninsu kafin su kai kasuwa ba, sabanin yadda ake yi wa magunguna. Babu kuma wani ingantaccen bincike da ya tabbatar suna mayar da tsoho yaro. Abin da aka busar aka niƙa, in ya shiga ciki narkewa yake yi kamar sauran nama. Lambar NAFDAC ma, in akwai ta, ba fatawar halacci ba ce. Son laushin fata sha'awa ce, sha'awa kuwa ba ta hawa matsayin lalura komai ƙarfinta.

A nan ne zancen ya koma ga zuciya. Abin da ake sayarwa a cikin kwalbar nan tsoron tsufa ne, shi ya sa mutumin da zai koma kasuwa ya tambayi mahauci wa ya yanka, sai ga shi ya haɗiyi abin da bai san asalinsa ba, don an rubuta da Turanci an lulluɓe da zinariya. Neman lafiya abu ne mai kyau, an kuma umurce mu da neman magani. Amma aya ta 168 ta Suratul Baƙara ta haɗa sharaɗi biyu ga abin ci, ya zama halal, ya kuma zama ɗayyib, watau mai tsarki da kyau. Furfura ba cuta ba ce da za a sayar da tsantseni domin a kore ta.

Saboda haka, kafin ka biya kuɗi, tambayi abu uku: wace dabba ce, an yanka ta ko haihuwa ta yi, kuma da me aka yi ɓawon kafson, domin sau da yawa daga fata da ƙashin alade ko saniya ake yin sa. In mai sayarwa ya kasa amsawa, to ka bar abin da kake kokwanto, ka nemi likita ya gaya maka abin da jikinka ke bukata. Wanda ya riga ya sha a bisa rashin sani, babu laifi a kansa, sai ya daina.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya ciyar da mu halal, Ya ba mu tsufa mai albarka, amin.