Masoyan Ian Curtis da Haƙƙin Mawaƙi a Kan Mai Sauraronsa

Ƙaunar da mai sauraro ke yi wa mawaƙin da bai taɓa gani ido da ido ba tana daga cikin abubuwan da malaman addini da masana falsafa suka daɗe suna yi wa kallon tuhuma, domin ƙauna ce mai tafiya ta gefe ɗaya, wadda mai yin ta yake bayar da lokacinsa da dukiyarsa da hawayensa ga wanda bai san da zamansa a duniya ba. An saba tambaya ko wannan ƙauna ta kai matsayin bauta, amma akwai wata tambayar da ta fi ta nauyi, wato ko wanda ake ƙauna yana da wani haƙƙi a kan masoyansa, kuma mene ne wannan haƙƙi idan abin da ya ja hankalinsu gare shi tun farko shi ne wahalar da yake ciki. Rayuwar Ian Curtis, mawaƙin ƙungiyar Joy Division ta birnin Manchesta a Ingila, wanda aka haifa a 1956 ya rasu a 1980 yana da shekara 23, ta dace da wannan bincike fiye da rayuwar mawaƙa da yawa, saboda yawan masoyansa bayan mutuwarsa ya ninka wanda ya gani da ransa.

Kiɗan da ake kira indi, wanda Joy Division ta fito daga cikinsa, reshe ne na kiɗan rok, wato kiɗan jita mai lantarki da ganguna, kuma abin da ya bambanta shi tun asali shi ne hanyar fitar da shi: ƙananan kamfanoni masu zaman kansu ne ke buga faifansa, ba manyan kamfanonin da suka mamaye kasuwa ba. A Manchesta wannan harka ta kankama ne bayan wasan da ƙungiyar Sex Pistols ta yi a zauren Lesser Free Trade Hall a watan Yuni na 1976, wanda 'yan kallonsa ba su da yawa, amma a cikinsu akwai Bernard Sumner da Peter Hook, waɗanda suka fita daga zauren da niyyar kafa tasu ƙungiyar, wadda daga baya ta zama Joy Division, ko da ba su ƙware a kiɗa ba. A farkon 1977 ƙungiyar Buzzcocks ta buga faifanta da kuɗin da ta haɗa da kanta, a 1978 kuma Tony Wilson, ma'aikacin gidan talabijin na Granada, da abokinsa Alan Erasmus suka kafa Factory, kamfanin da ya shahara da raba riba biyu da makaɗansa da bar musu mallakar waƙoƙinsu. A nan ne Joy Division ta fitar da Unknown Pleasures a 1979 da Closer a 1980, a daidai lokacin da masana'antun birnin ke rufewa, matasa kuma suna zaman kashe wando.

Wannan tsari na kasuwanci yana da tasiri a kan irin ƙaunar da ke biyo baya. Makaɗin fada a ƙasar Hausa yana da ubangida da ke ɗaukar nauyinsa, babban tauraron kiɗan Turai kuma yana da kamfanin da ke kashe maƙudan kuɗi wajen tallata shi, amma mawaƙin indi ba shi da kowa sai waɗanda suka nemi faifansa a ƙaramin shago, suka biya kuɗin shiga ƙaramin zaure, suka rubuta labarinsa a mujallun da suke bugawa da hannunsu. Saboda haka masoyinsa yana jin cewa shi ne ya gano shi, shi ne ya raine shi, kuma daga jin an raini mutum zuwa jin an mallake shi tazarar ba ta da yawa.

Masu cewa abin ya zama addini suna da hujjoji da ake gani da ido. An ƙona gawar Curtis bisa al'adar da ta yaɗu a Ingila, aka kafa masa ɗan ƙaramin dutsen tunawa a maƙabartar Macclesfield, garin da ya girma, wanda ke ɗauke da sunansa da ranar rasuwarsa da sunan fitacciyar waƙarsa, kuma har yau mutane na zuwa daga ƙasashe masu nisa su ajiye furanni da wasiƙu a wurin. A watan Yuli na 2008 wani ya tumɓuke dutsen ya tafi da shi, aikin da ya fi kama da neman tabarruki, wato neman albarka ta hanyar taɓa ko mallakar abin da ya shafi wanda ake girmamawa, fiye da sata ta neman kuɗi, tun da ba abu ne da za a iya kaiwa kasuwa ba. A birnin Wellington na ƙasar New Zealand akwai bangon da aka rubuta wa sunansa tun farkon shekarun 1980, wanda duk lokacin da aka goge sai wani ya sake rubutawa. Masanin zamantakewa Bafaranshe Émile Durkheim ya yi bayani a 1912 cewa idan jama'a suka taru a wuri ɗaya da zuciya ɗaya, wani irin shauƙi yana tasowa wanda ya fi ƙarfin kowane ɗayansu, sai su jingina shi ga wata alama su tsarkake ta. Zanen layukan da ke bangon Unknown Pleasures, wanda asalinsa hoton siginar wani tauraro ne da masana sararin samaniya suka ɗauka, ya zama irin wannan alama a ƙirjin riguna a faɗin duniya, har da na waɗanda ba su taɓa sauraron faifan ba.

Duk da haka, kiran wannan abu bauta gaggawa ce. Bauta a ma'anarta ta tauhidi ita ce miƙa wuya ga wanda ake ganin yana da ikon amfanarwa da cutarwa, kuma babu masoyin Curtis mai hankali da ke roƙonsa arziki ko tsoron fushinsa. Abin da ya fi kusa da halin da ake ciki shi ne guluwwi, wato wuce iyaka wajen girmama ɗan Adam har a cire shi daga sahun mutane, kuma illar guluwwi ba ta tsaya kan mai yin sa ba, tana komawa kan wanda ake yi wa, domin wanda aka ɗaga sama da mutane an hana shi abin da ake yi wa mutane, kamar tausayi da uzuri da tambayar yaya jiki.

Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u Ulumiddin a kan ladubban sauraro, kuma ko da yake malamai sun yi saɓani a kan hukuncin kiɗa kafinsa da bayansa, abin da ya lura da shi game da zuciya yana da amfani ga kowane ɓangare: a ganinsa sauti mai daɗi ba ya zuba wa zuciya abin da babu a cikinta, yana motsa abin da ke kwance ne ya fito da shi. Idan haka ne, matashin da ya ji muryar Curtis mai kauri ta ratsa shi ya ci karo ne da nasa kaɗaicin, kuma godiyar da yake ji ta gaskiya ce, domin an furta masa abin da ya kasa furtawa. Amma hakan na nufin mutumin da yake ƙauna rabinsa shi ne ya ƙera shi. Masana biyu na Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, sun bayyana irin wannan alaƙa a 1956 a nazarinsu kan masu kallon talabijin, inda suka nuna cewa mai kallo yana jin kusanci irin na abota da wanda ke cikin akwatin, alhali babu wani nauyi da ya hau kansa kamar yadda abota ke ɗorawa.

A rayuwar Curtis wannan rashin nauyi ya bayyana ƙarara. A watan Disamba na 1978, a hanyar dawowa daga wani wasa a Landan, farfaɗiya ta buge shi, a farkon 1979 likitoci suka tabbatar da cutar suka ɗora shi a kan magunguna masu nauyi, rayuwar makaɗi kuwa, da rashin barcinta da fitilunta masu walƙiya, ita ce akasin abin da mai farfaɗiya yake buƙata. Rawar da ya shahara da ita, inda yake kafe ido yana wurwura hannuwa da sauri kamar wanda ba ya cikin hayyacinsa, ta yi kama da bugun cutar har ta kai 'yan kallo ba sa iya bambance wasa da ciwo, wani lokaci suna tafi ana ɗauke shi daga dandamali. A farkon Afrilu na 1980 cutar ta kama shi a wasan da suka yi a zauren Rainbow na Landan. Kwanaki kaɗan bayan haka ya yi yunƙurin halaka kansa aka kai shi asibiti, kuma washegari aka ci gaba da wasan da aka shirya a garin Bury, aka sa wani mawaƙi ya tsaya a madadinsa, shi kuwa ya fito ya rera kaɗan ya koma. Mutanen da suka biya kuɗi don ganinsa suka fusata, suka yi ta jifa da kwalabe har wurin ya rikice da faɗa. Ba su san daga inda ya fito ba, wannan uzuri ne a gare su, amma shi ne kuma ainihin matsalar: suna ƙaunarsa ƙwarai, ba su san komai game da halinsa ba, kuma tsarin bai tanadi hanyar da za su sani ba. Abokan kiɗansa ma sun faɗa daga baya cewa ba su tsaya sun saurari kalmomin da yake rerawa da kyau ba sai bayan da ya kashe kansa a ranar 18 ga Mayu 1980, ana shirin tafiyarsu ta farko zuwa Amurka.

Bayan rasuwarsa aka gina masa siffar waliyyin baƙin ciki, hotunansa marasa launi suka zama shaida, aka koma karanta kowace waƙa a matsayin wasiyya. Littafin da matarsa Deborah ta wallafa a 1995, wanda a kansa Anton Corbijn ya gina fim ɗin Control a 2007, ya kawo wani mutum dabam: ma'aikacin gwamnati mai taimaka wa naƙasassu neman aiki, wanda ya yi aure yana da shekara 19, mai kishi da son iko a gida, mai raha a cikin abokai, wanda aurensa ke rushewa, kuma ya bar 'ya mai shekara ɗaya. Wannan hoto bai rage darajar waƙoƙin ba, ya dai hana a mayar da mutuwar ado. Hanin yana da muhimmanci a aikace, domin tun 1974 masanin zamantakewa David Phillips ya nuna cewa yayata kisan kai na shahararru yana iya jawo kwaikwayo, abin da ya sa wa sunan Werther, jarumin littafin Goethe na 1774.

Ana iya cewa mai sauraro ba likita ba ne, kuma ba a ɗora wa wanda ya sayi faifai alhakin lafiyar wanda ya rera shi. Wannan gaskiya ne game da abin da ya wuce, amma bai wanke mai sauraron yau ba, wanda ya san labarin duka kuma yake da zaɓin yadda zai ba da shi ga na bayansa. Haƙƙin da ya rage wa Curtis a kan masoyansa shi ne a faɗi gaskiya game da shi, cewa gwanintarsa ta fito ne daga karatu da aiki da haɗuwa da makaɗa uku da suka dace da shi, cutarsa kuwa cuta ce da ta katse aikin, ba ita ta haife shi ba. Wasu daga cikinsu sun kama wannan hanya: a watan Oktoba na 2020 aka zana babban hotonsa a wani bango a tsakiyar Manchesta albarkacin ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, don tallafa wa ƙungiyoyin da ke taimakon masu ciwon damuwa, kuma da aka shafe shi da tallar wani sabon faifai a 2022, ƙorafin jama'ar birnin ya sa aka sake zana shi a wani bangon a 2023.