Mai Bi da Ƙuri'arsa

Ya kai ɗan'uwa, kai da ka soma bin Ubangiji Yesu Kristi, da kai kuma da kake bincike tukuna, ka kasa kunne ga wannan magana.

Sa'ad da za ka haye tafkin Kainji zuwa kasuwar Wara, ba ka faɗa wa jirgi da ka. Kakan tsaya a bakin ruwa ka tambayi labarin matuƙi. Shekara nawa yana bin wannan ruwa? Ya san inda kututture yake a ɓoye? Yakan cika jirgi fiye da kima saboda kwaɗayin kuɗi? Mutanen Ngaski ba su manta da ran 26 ga Mayu, 2021 ba, ranar da jirgi cike da mutane ya nutse kusa da Wara, rayuka da yawa suka salwanta. To, ƙasa ma jirgi ce, shugaba shi ne matuƙi, idan kuwa ka shiga, sai bayan shekara huɗu ka ga gaci.

Kada ka ce Abuja tana da nisa. Daga gwamnatin tarayya aka yanke shawarar gina madatsar Kainji, aka soma a 1964, aka gama a 1968, mutane wajen 44,000 suka bar gidajen kakanninsu. Ran 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur, mai injin jirgi ya ji a aljihunsa. Ran 17 ga Yuni, 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga makarantar tarayya ta Birnin Yauri, soja da 'yan sanda kuwa a hannun shugaban ƙasa suke. Domin wannan ƙuri'arka amana ce, Allah kuwa zai tambaye ka.

Watakila ka ce, ni zuciyata ta rabu biyu, ban san wanda zan ba ba. Wannan ba abin kunya ba ne. Allah bai bar mu ba mudu ba. A cikin Littafin Fitowa, sura 18, Yetro ya nuna wa surukinsa Musa irin mutanen da za a ɗora bisa jama'a. Hali huɗu ya ambata: iya aiki, tsoron Allah, riƙon gaskiya, da ƙin cin hanci. Ka ɗauki mudun nan ka auna kowane ɗan takara.

Da fari, ka dubi sawunsa. A zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023 mutum 18 suka tsaya, manyan cikinsu huɗu kuwa duk sun taɓa riƙon mulki. Bola Tinubu ya yi gwamnan Legas daga 1999 zuwa 2007. Atiku Abubakar ya yi mataimakin shugaban ƙasa cikin shekarun nan. Peter Obi ya mulki Anambra tsakanin 2006 da 2014. Rabi'u Kwankwaso ya yi gwamnan Kano sau biyu. Haka yake a yawancin zaɓe: mai neman babbar kujera ya taɓa zama a ƙarama. Ka tambayi masu kai albasa da busasshen kifi garuruwan nan. Ya biya malaman makaranta hakkinsu? Asibitin da ya gina, akwai magani a ciki? Alkawari ba shi da wuya, gama baki ba ya gajiya, amma gonar bara ita ce shaidar manomi.

Na biyu, ka dubi halinsa. Idan an tsauta masa, yakan ji, ko kuwa yakan ɗaure mai magana? Sa'ad da ya faɗi zaɓe, kotu ya tafi, ko kuwa samari ya zuga? Su wane ne ke zaune kusa da shi? Rehobowam ɗan Sulemanu ya ƙi shawarar dattawa, ya bi ta abokan ƙuruciyarsa, kabila goma suka ɓalle daga hannunsa.

Na uku, kada suna ya ruɗe ka. Za su zo su ce maka, wannan namu ne, addininmu ɗaya, ko kabilarmu ɗaya. Ka tuna Ahab sarkin Isra'ila ne, duk da haka ya ƙwace gonar inabin Nabot bayan an kashe shi da shaidar zur. Sairus kuwa sarkin Farisa ne, baƙo ga jama'ar Allah, amma shi ya sallame su su koma su gina Haikali. Ko Sama'ila annabi, sa'ad da ya tafi gidan Yesse, tsayin Eliyab ya kusa ruɗinsa, sai Ubangiji ya nuna masa Dawuda mai kiwon tumaki.

Na huɗu, kada ka sayar. Daren zaɓe wani zai kawo maka taliya, ko sabulu, ko 'yan kuɗi a dunƙule. Na sani akwai yunwa. Amma Isuwa ya ba da gādonsa saboda fate kwano ɗaya, daga baya ya yi kuka, kukan bai komo masa da kome ba. Wanda ya saye ka yau, gobe daga kuɗin rijiyarku da makarantar ɗanka zai fanshe. Ta yaya kuma za ka nemi shugaba mai ƙin hanci, kai kuwa ga hanci a hannunka?

Bayan ka auna, ba za ka sami marar aibi ba, gama Sarki ɗaya ne kaɗai ba shi da zunubi, shi ne Yesu wanda ya ba da ransa domin talakawansa. Ka yi addu'a, ka ɗauki katinka, ka dangwala wa wanda mudunsa ya fi cika. Kada ka yi gāba da maƙwabcinka, Musulmi ko mai bi, don ya zaɓi wani dabam; jirgi ɗaya kuke ciki. Wanda ya ci kuwa, ko ba naka ba ne, ka riƙa yi masa addu'a, kamar yadda manzo Bulus ya gargaɗi Timoti.

Ya Ubangiji, mai sanin zukata, ka ba mu ido mai gani da hannu mai tsabta, ka ba ƙasarmu matuƙi mai tsoronka, saboda Yesu Kristi Mai Cetonmu. Amin.