Haƙƙin Tsuntsu Da Haƙƙin Loma A Kan Muridi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Mai ciyar da tsuntsu a sama da tsutsa a cikin dutse. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waliyyan Allah baki ɗaya. Allah Ya ƙara yarda ga Shehu Ahmadu Tijjani da halifofinsa.

Bayan haka, duk wanda ya tashi a ƙasar Damagaram ya san ranar da shamuwa take sauka. Zafin bazara ya kai maƙura, rumbu ya yi ƙasa, sai a wayi gari a gan ta bisa tsamiya ko gawo tana tara kirare. Daga Miriya har Magarya, manomi ya ga haka sai ya ɗauko irinsa ya duba. Wannan tsuntsuwa ƙofa ce zuwa darasi uku da suke wuyan kowane ɗan ɗariƙa: sanin halittar Allah, kiyaye baƙin da Yake turowa, da girmama abincin da Yake bayarwa.

Sanin suna mafarin ladabi ne

A Suratul Baƙara, aya ta 31, Allah Ya ba da labarin cewa Ya koya wa Annabi Adamu (A.S.) sunayen abubuwa dukansu, kuma da wannan ilimi aka bayyana fifikonsa a gaban mala'iku. A Suratul An'am, aya ta 38, Ya sanar cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye masu tashi al'ummai ne kamar yadda mutane suke al'ummai. Tunda al'ummai ne, to suna da dangi da zuri'a da garuruwa da lokutan tafiya, kuma neman sanin wannan tafakkuri ne.

Malaman Musulunci sun daɗe a wannan fage. Al-Jahiz na Basra ya rubuta Kitabul Hayawan a ƙarni na 9, Ad-Damiri na Masar, wanda ya rasu a 1405, ya jera dabbobi da tsuntsaye bisa haruffa tare da hukuncin kowanne a shari'a. Daga baya, a 1758, Linnaeus na ƙasar Suwidin ya daidaita tsarin da jami'o'i suke bi yau, inda kowace halitta take da suna biyu, na gidansu da nata na kanta. Da wannan tsari an ƙidaya tsuntsaye kusan iri 11,000 a duniya, fiye da 500 daga ciki an gan su a Nijar.

Shamuwa a wannan tsari sunanta Ciconia abdimii, an sa mata shi a 1823, kuma ita ce mafi ƙanƙanta a danginta. Babba-da-jaka, duk da muninsa a idon mutane, ɗan uwanta ne na kusa. Balbela kuwa, da ake ganinta tare da shamuwa a fadama, danginta daban, ita 'yar gidan su zalɓe ce. Ungulu da shirwa da shaho da mikiya gida ɗaya suka fito. Akwai ma tsuntsaye biyu da Bahaushe yake kira tsattsewa saboda kamarsu a sama, alhali masana sun gano ba su haɗa dangi na kusa ba. Ga muridi akwai izina a nan: kama da wane ba ta wane, kuma wanda ido ya raina yana iya zama ɗan babban gida.

Kakanni sun san waɗannan sunaye: gauraka, dinya, kirinjijiya, hasbiya, cilakowa, carki, tuje, yautai, alhudahuda. Yaron birni a yau da wuya ya ambaci biyar. Abin da mutum bai san sunansa ba, ba ya lura da ranar da ya ɓace.

Baƙin da ba su neman izinin iyaka

Shamuwa tana yin sheƙa a ƙasashen Sahel daga wajen watan Mayu, ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe a cikin garuruwa, kusa da mutane. Idan kaka ta yi, sai ta tattara ta nufi kudu. Masu bincike da suka ɗaura wa wasu shamuwoyi na'ura a Nijar sun bi sawunsu har Tanzaniya da ƙasashen kudancin Afirka, inda damana take sauka lokacin da ake rani a nan. Abincinta fara da tsutsa da ƙwari, wato maƙiyan hatsi. Lebura ce da manomi bai biya ta ko tamma ba.

Wajibi ne a gyara aƙida a wannan wuri. Shamuwa ba ta kawo ruwa. Allah ne Mai saukar da ruwa, ita alama ce kawai bisa al'adar da Ya gudanar. Hadisin Zaidu bn Khalid da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya yi gargaɗi ga mai jingina ruwan sama ga tauraro, kuma hukuncin ɗaya ne ga mai jingina shi ga tsuntsu. Ana kiyaye shamuwa don halittar Allah ce mai tasbihi, mai amfani, ba don tsoron camfi ba.

Idan shamuwa ta tafi, wasu baƙin suke isowa. Daga watan Satumba zuwa Nuwamba, agwagin ruwa da kurciyoyi da tsattsewa da ƙananan tsuntsaye masu yawa suna barin sanyin Turai, su ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara. Wasu nauyinsu bai kai na ƙwan kaza ba. Ruwan farko da suke tararwa bayan hamada shi ne tafkunan irin na wannan yanki. Shi ya sa aka shigar da tafkin Lasuri a 2005, da na Gidimuni a 2019, cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta 1971. Suratul Mulk, aya ta 19, ta ja hankali ga tsuntsaye suna buɗe fiffike suna rufewa, babu mai riƙe su sai Mai rahama. Wanda Mai rahama Ya riƙe tsawon kilomita dubbai har Ya sauke shi a Gidimuni, da wace fuska bawa zai tarbe shi da guba ko da harbin wasa?

Abin da Damagaram ta riga ta rasa

A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, gashin jimina yana cikin manyan hajojin da ayari yake ɗauka daga Zango zuwa Tarabulus. Jimina ta cika dajin arewa a lokacin. Yau ta ƙare a dajin Nijar, sai 'yan kaɗan da ake kiwo a killace a wurare irin su Kelle, cikin yankin Gure, da fatan wata rana a mayar da su daji. Farauta ba iyaka da fari ne suka yi wannan aiki.

Ungulu tana bin sawu. Dattawa sun san lokacin da ba a yanka dabba a mahauta sai ungulaye sun cika wurin. A 2015 aka sa ungulun gari cikin jerin tsuntsayen da suke dab da ƙarewa a duniya. Ita ce take kwashe mushe kafin ya zama cuta. A farkon 2014, wata ungulu da aka ɗaura wa na'ura a ƙasar Girka, wadda ta ƙetaro hamada lafiya ta sauka a kudancin Nijar, maharbi ya kashe ta don a sayar da sassan jikinta ga masu tsubbu. Zunubi biyu ke nan a harbi ɗaya: kisa ba bisa haƙƙi ba, da taimakon masu neman biyan buƙata ta hanyar da Allah bai yarda ba. Wanda aka ba wuridi, aka koya masa cewa babu mai bayarwa ko hanawa sai Allah, ba shi da abin nema a kan ungulu.

Sunna a fili take. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibn Mas'ud (R.A.) cewa sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata ƙaramar tsuntsuwa a wata tafiya, uwar ta zo tana kaɗa fiffike, Manzon Allah (S.A.W.) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya umarta a mayar mata da su. Nasa'i ya ruwaito cewa wanda ya kashe ɗan tsuntsu ba bisa haƙƙi ba za a tambaye shi. Muslim ya ruwaito hani ga mai da abu mai rai abin gwada harbi. An kuma hana kashe alhudahuda, ɗan aiken Annabi Sulaimanu (A.S.) da Suratun Naml ta ba da labarinsa.

Shari'a ba ta ƙuntata wa kowa ba. A mazhabar Malikiyya farauta don ci halal ce, ta wasa kuwa makaruhi ce, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana. Manomin da jan-baki ya sauka wa a gona yana da haƙƙin kare hatsinsa. Amma zuba guba a mushe ko a bakin ruwa ba ya zaɓe: yana kashe ungulu da shamuwa da karen makiyayi tare, yana kuma iya kaiwa ga ruwan da yara suke sha.

Akwai abin koyi a gida. Ana ba da labari cewa sarakunan Damagaram sun kafa doka mai tsanani kan sare gawo. Daga shekarun 1980 manoman Magarya da Matamaye da Miriya suka koma barin tohon itatuwa a gonakinsu, har aka kiyasta hekta miliyan 5 sun sake yin kore a jihohin Maraɗi da Damagaram. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, sadaka ce a gare shi. Kowane gawo da aka bari masauki ne ga baƙo, taki ne ga gona, lada ne ga mai gonar.

Daga sheƙa zuwa akushi

Tirmizi ya ruwaito daga Sayyidina Umar (R.A.) cewa da mutane sun dogara ga Allah yadda ya kamata, da an azurta su kamar tsuntsaye, masu fita da safe da yunwa su koma da yamma a ƙoshe. Tsuntsu yana fita nema, yana ɗaukar abin da cikinsa zai riƙe, ya bar saura a inda yake. Ɗan Adam ne kaɗai yake dafa abin mutum ɗari don mutum arba'in, ya juye ragowar a bola.

Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta kiyasta cewa a 2022 an zubar da abinci sama da tan biliyan 1 a duniya, kashi 60 cikin 100 daga gidaje. Wannan magana ta fi nauyi a ƙasar da ta san Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ta san farin 1973 da na 1984, ta kuma san 2005, lokacin da fari da fara suka bar iyaye mata suna layi da yaransu a cibiyoyin tamowa na Maraɗi da Damagaram. Suratul A'araf, aya ta 31, ta halatta ci da sha, ta hana wuce iyaka. Suratul Isra'i, aya ta 27, ta kira masu almubazzaranci 'yan uwan shaiɗanu. Suratun Nahl, aya ta 112, ta buga misali da garin da arzikinsa yake zuwa daga ko'ina, ya butulce, aka ɗanɗana masa yunwa da tsoro.

Muslim ya ruwaito umarnin cewa idan loma ta faɗi a ɗauka a share ta a ci, a kuma suɗe yatsu da kwano, domin mutum bai san a wane ɓangare albarka take ba. Mai neman albarka a ziyarar waliyyai, ya sani tana iya kasancewa a ƙanzon da ya bari a tukunya. Iyaye mata na da sun gane wannan: tuwon dare ya zama ɗumame, ƙanzo a shanya a adana, dusa ta tafi ga akuya, tsaki ga kaji.

Inda ya fi kamata 'yan uwa su duba shi ne tarukansu. A Maulidi da walima da buɗa-baki na zawiya, niyya kyakkyawa ce, amma sau da yawa gari yana wayewa da farantan shinkafa a rana, ƙuda na bi. Karamci ba ya cika sai abincin ya shiga cikin mai buƙata. Ga abin da kowace zawiya za ta iya:

Na ɗaya, a ƙiyasta mutane kafin a ɗora tukunya, a zuba kaɗan a ƙara, a ci tare a faranti ɗaya, domin hadisi ya tabbatar cewa abincin mutum biyu yana isar uku.

Na biyu, a naɗa matasa masu hidimar ragowa tun kafin taro, su san makarantun allo da gidajen marayu da masu jinya da za a kai wa abincin yana da ɗumi, a cikin kwano mai tsabta.

Na uku, a kula da rumbu. Annabi Yusufa (A.S.) ya yi wasiyya da barin hatsi a zangarniyarsa, dabarar da manomin Hausa yake bi da damin hatsi. Wake kuwa buhun PICS mai ruɓi uku yana kare shi daga ƙwaro ba tare da magani ba.

Na huɗu, tsabar da ta zube wurin sussuka a tara ta, a ajiye kasko da ruwa a inuwa lokacin bazara don tsuntsaye.

Na biyar, malaman allo da iyaye su hana yara harbin sheƙa da danƙo da kwasar ƙwai, su koya musu sunayen tsuntsayen unguwarsu.

Suratun Nur, aya ta 41, ta bayyana cewa tsuntsaye masu shimfiɗa fiffike suna tasbihi, kowanne ya san sallarsa da tasbihinsa. Ranar Juma'a da yamma, lokacin da 'yan uwa suke zagaye suna hailala, balbelu suna komawa itatuwansu sahu-sahu, kurciyoyi suna kuka a kan katanga. Halƙa biyu ce a lokaci ɗaya, Abin ambato ɗaya. Wanda ya gane haka ba zai tashi daga wannan halƙa ya je ya watse waccan ba, ba kuma zai taka ƙwayar hatsin da aka saukar da ruwa, aka turo shamuwa, aka fito da rana domin ta kai bakinsa ba.

Allah Ya ba da damana mai albarka, Ya kare Damagaram da ƙasar Nijar daga fari da fara da yunwa. Allah Ya sanya tausayin halittarSa a zukatan muridai, Ya azurta su da godiyar ni'ima da ladabin cin ta, albarkar Annabi Muhammadu (S.A.W.). Amin.