Idan Lauya Ya Yi Sakaci: Gafara Ko Ƙara?

Wani ɗan'uwa a ikilisiyarmu, mai sayar da wake a Iyana Ipaja, yana bin wani mutum bashi mai yawa. A shekara ta biyar ya kai wa lauya takardunsa, ya biya kuɗin aiki. Lauyan ya yi ta cewa gobe, jibi, har lokaci ya ƙure. Dokar Jihar Legas ta ba da shekara 6 a shigar da ƙarar bashi irin wannan, in sun wuce kotu ba ta saurara. Jarinsa ya tafi, 'ya'yansa biyu suka bar makaranta. Sai ya tambayi dattawa: ko ya dace mai bi ya kai lauyan ƙara?

A gefen doka hanya a buɗe take. Sashe na 9 na Dokar Lauyoyi ta 1975 ya hana lauya fakewa da sana'arsa idan sakacinsa ya jawo wa wani hasara, sai dai abin da ya shafi yadda ya gudanar da shari'a a gaban alƙali. Akwai kuma kwamitin ladabtar da lauyoyi, mai ikon dakatar da lauya ko soke sunansa.

Amma lamirin mai bi yana da tasa tambayar. Waɗansu sukan kawo 1 Korintiyawa 6, inda Manzo Bulus ya tsauta wa masu kai juna gaban alƙalai. Mu lura, da 'yan'uwa cikin ikilisiya ɗaya yake magana, ya kuma bukaci a sami mai hikima a cikinsu ya raba gardamar. Shi kansa ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar (Ayyukan Manzanni 25).

Gafara takan kawar da ƙiyayya daga zuciya, amma ba ta share hakkin da ke wuyan mai laifi. Fitowa 22 ta yi maganar diyya a kan kayan amana, Zakka kuwa da ya tuba ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu (Luka 19). Ban da haka, lauyan da aka ƙyale yau, gobe takardun wata gwauruwa ne za su kwana a teburinsa.

Saboda haka dattawa suka bi tsarin Matiyu 18. Ya fara samun lauyan shi kaɗai, sa'an nan ya koma da shaidu. In lauyan ya amsa laifinsa, a sasanta ko da biyan kaɗan-kaɗan ne. In ya ƙi, ɗan'uwan yana iya neman hakkinsa a kotu, kada kuma ya yi jinkiri, gama wannan ƙarar ma tana da nata wa'adi.

Abu guda suka gargaɗe shi a kai: ya binciki zuciyarsa. In abin da ya rasa yake nema, ya tafi da salama. In kuwa so yake ya ga lauyan ya tozarta, ya fara durƙusawa gaban Ubangiji kafin ya nufi Ikeja.